Gilashin da Hajiya Ke Mantawa

Don Allah, don girman iyayenku, duk wanda labarin nan ya faɗa hannunsa kar ya ce ni na rubuta. Ko kun gane ni ta yadda nake magana, ku haɗiye abinku. In aka ji a gidanmu na kaɗe har ganyena. Ni ba wani karatu mai nisa na yi ba, in kun ga wani wuri ya karkace ku yi haƙuri. Kuma na canza komai, har sana'ar mutane ba ita ba ce ta gaskiya, saboda haka kar wani ya je yana leƙen shagon mutane. To bismillah.

Auta na zaune a tsakiyar falo ta baje kwalaye, tana yanka manyan baƙaƙe da almakashin Umma. Ita ce ƙarama a gidansu, tana ajin ƙarshe a jami'a, ɓangaren koyon aikin malanta. Lokacin tichin firaktis ɗinsu ya zo, wato lokacin da ake tura ɗalibai su je su koyar a gani ko sun iya. Ƙawayenta duk an kai su makarantun yara, ita kuwa sai aka jefa ta ajin manyan mata da ake yi da yamma, a wata firamare can ƙarshen gari.

"Ke Auta! Almakashin ɗinkina kika samu kike yankan kwali da shi?"

"Umma yi haƙuri, saura harafi kaɗan."

"Saura harafi kaɗan! Yarinyar da ko shinkafa ta dafa sai ta caɓe, wai ita za ta koyar da sa'o'ina. Allah ya jiƙan matan nan."

"Kai Umma! Ai addu'a za ki yi mini."

"Na yi miki. Tashi ga ɗan mutane can yana ta danna hon kamar gidan ubansa ne."

Ɗan mutanen shi ne Dogo, mai haɗa wutar sola, wanda aka riga aka tsayar da maganar aurensu da zarar ta gama karatu. Kowa a dangi ya shaida son da suke wa juna. Mahaifiyarsa kuwa, Hajiya Mai Labule, mace ce da ake ji da ita. Shagonta na labule ya fi na kowa a layinsu, in ta yi magana a taron mata ba mai tari. Ga gilashi mai ruwan zinare da take yawo da shi a jaka. Abu ɗaya ne Auta ta lura da shi tun zuwanta gaisuwa na farko: duk sanda aka miƙo wa Hajiya takarda, ko katin gayyata ne, sai ta shafa jaka ta ce, "Kash, na manta gilashina a ɗaki. Dogo, karanta mana." Shi kuma sai ya karɓa ya karanta, ko ɗaga kai ba ya yi.

Ranar farko Auta ta shiga aji. Mata ne cike, wasu da goyo, wasu sun haifi kamarta, sun matse kansu a kan bencin yara gwiwoyinsu na dukan tebur. Ta yi sallama, ta manna kwalayenta a allo, ta juyo ke nan sai idonta ya faɗa can lungu. Wata mata ce ta ja mayafi har hanci, ta duƙar da kai. Amma zoben nan na hannunta, da jakar nan...

Alli ya suɓuce daga hannun Auta.

Yadda ta gama darasin ranar, Allah kaɗai ya sani. Da aka tashi kowa ya watse, matar ta tsaya. Ta sauke mayafin a hankali. Auta ta zube ƙasa a kan ƙurar alli.

"Hajiya ina wu..."

"Tashi. Nan ba gidana ba ne." Hajiya ce, ta ci gaba, "Duk makarantun garin nan na tsallake na zo ƙarshen duniya don kar in haɗu da idon sani, ashe ke Allah ya aje mini."

"Hajiya wallahi ban san..."

"A gida sun ɗauka sarin yadi nake fita. 'Ya'yana ba su sani ba, kuma ba za su sani ba. Kin gan ni a nan?"

"Ban gan ki ba Hajiya."

"Ko shi Dogo ba za ki faɗa wa ba?"

"Ko shi, Hajiya. Na ɗauki alkawari."

Haka aka fara. Da fari kunya kamar ta kashe su su biyun. Auta ba ta iya kallon lungun nan, in za ta duba aiki sai ta tsallake Hajiya, ita ma Hajiyar sai ta kifa hannu a kan abin da ta rubuta. Amma a hankali abin ya saki. Hajiya tana riƙe fensir kamar allura, da ɗan yatsa biyu, kuma kafin ta fara sai ta lasa bakinsa kamar mai shirin zura zare. In ta gama ta soke shi a ɗankwali. In harafi ya gagare ta, sai bakinta ya riga ta, "Na manta gila..." sai ta tuna inda take, kunnenta ya yi zafi. Ranar da ta haɗa kalmar farko da kanta, ta ɗago ta kalli Auta da ido jawur, ta ce a hankali, "Malama, daidai ne?" Auta ta ce, "Daidai ne Hajiya." Da yamman nan Dogo ya zo yana mamaki.

"Me kika ba Hajiya ne? Yau ba abin da take yi sai yabonki. Wai 'yar gidan mutunci na samo."

Auta ta yi murmushi kawai, ta ce, "Sirrinmu ne na mata."

To ga inda shaiɗan ya shigo.

Ban da koyarwar, akwai wani kwas da Auta ke yi a jami'a na koyon rubuta ƙagaggen labari. Malaminsu, Dakta, mutum ne mai wuyar sha'ani. Duk labarin da ta kai masa sai ya dawo da shi ya sha jan biro. Rannan ya ɗaga takardarta a gaban aji.

"Wannan kuma saurayi ya ɗauki budurwa a jirgin sama zuwa cin abinci. Ke, kin taɓa hawa jirgi?"

"A'a sa."

"To ku daina kawo mini ƙaryar da ko ku ba ku yarda da ita ba! Asayimen na ƙarshe, kowa ya rubuto abin da idonsa ya gani. Wanda ya faɗi wannan, mu haɗu baɗi."

Baɗi! In ta maimaita kwas, gama karatu ya ja baya, aure ma ya ja. Auta ta zauna ta tauna biro har ya fashe, ba abin da ke zuwa mata sai fensirin nan da ake lasa. Zuciyarta ta ce, ke, alkawari fa. Wata zuciyar ta ce, ai Dakta kaɗai zai karanta, kuma ina ya san Hajiya? Sai ta canza suna, ta mayar da mai labule ta koma mai zannuwan gado, ta ga kamar ta ɓoye giwa a bayan tsintsiya. Amma gilashin da ake mantawa ta bar shi. Fensirin da ake sokewa a ɗankwali ta bar shi. Har ta ƙara gishiri don a yi dariya: wai Hajiyar ta riƙe katin gayyata a kife tana gyaɗa kai. Labarin ya zubo kamar ruwa, ita kanta ta san ba ta taɓa rubuta mai kyansa ba.

Abin da ba ta kawo a ranta ba shi ne, Dakta yana da ɗabi'a: a lakcar ƙarshe, labarin da ya fi kowanne kyau a fili ake karanta shi. Kuma ba mai shi ke karantawa ba. Akwai wadda ya ware saboda daɗin muryarta, wata 'yar ajin ƙasa da ta ɗauki kwas ɗin tare da su. 'Yar Lele. Ƙanwar Dogo, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Yau na samu marubuciya," in ji Dakta, yana kaɗa takarda. "Zo ki karanta mana."

Auta ta hango rubutun hannunta daga inda take.

'Yar Lele ta gyara murya ta fara, har da kwaikwayon maganar Hajiyar cikin labari, aji na ta ƙyalƙyala dariya. Ita ma tana dariyar. Sai ta zo wurin gilashi. Dariyarta ta ɗauke. Ta ci gaba a hankali. Ta zo wurin da Hajiyar ke cewa ɗanta, "karanta mana," sai ta tsaya cak.

"Ci gaba mana," in ji Dakta.

Can baya wata da ake kira Gidan Rediyo, wadda gidansu ke kallon shagon Hajiya, ta daka tsalle ta tafa hannu.

"Laaa! Wallahi na gane ta! Hajiya Mai Labule ce! Ashe duk gilashin nan na ado ne? Ke 'Yar Lele, ba mamanku ba ce?"

Aji ya ɓarke da ƙus-ƙus. Dakta bai gane me ke faruwa ba, ya ce, "Shiru! Wadda ta rubuta ta miƙe a tafa mata."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin da Auta ta shige ta ja ta rufe. Ta miƙe kamar wadda aka ɗora wa buhu. Wasu suka tafa. 'Yar Lele ta kalle ta, kallo ɗaya tak, hawaye na bin kumatunta, ta aje takardar a tebur ta fita.

Kafin Auta ta isa gida magana ta riga ta. Ta shiga guruf ɗin 'yan aji na waya, ta fita ta shiga layin shago, har da masu zuwa sayen labule suna miƙa wa Hajiya takarda da gangan.

Dogo ya zo da yamma, bai danna hon ba. Ya tsaya a bakin get hannunsa a aljihu.

"Wallahi ban yi don..." ta fara.

"Tsaya. Tambaya ɗaya zan yi miki. Kina tsammani ba mu sani ba?"

Ta ɗago da sauri.

"Tun ina firamare na gane. Ni da 'Yar Lele duk mun sani. In ta ce ta manta gilashi, ni kuma sai in ce, kawo Hajiya, rubutun ma ƙanana ne. Ko gilashin nan da kike gani, ni na raka ta ta saya, na ce ya yi mata kyau. Tunda muka yi wayo muke rufa mata, ba wanda ya taɓa ko tari. Ke kuma daga zuwanki..." Ya girgiza kai. "Don maki, Auta? Don a tafa miki?"

"Ka yafe mini, don Allah..."

"Ba ni kika yi wa ba. Yau Hajiya ta rufe shago da rana tsaka. 'Yar Lele garin ba ta haƙuri ta ce mata, Hajiya ai mu mun daɗe da sani. Kin san me ta yi? Ta shiga ɗaki ta kulle. Ko ni ba ta yarda mu haɗa ido."

Ya juya ya tafi. Ba zagi, ba tsawa. Da ma ya mare ta da ya fi mata sauƙi.

Washegari sai ga Goggon Dogo, yayar mahaifinsa, ta shigo ko zama ba ta yi ba.

"Sallama dai ta Musulunci ce, amma ba zumunci ya kawo ni ba. A dakata da maganar auren nan. Mu ba za mu kai 'yar jarida cikin gida ba, yau ta rubuta uwar miji, gobe ta rubuta abin da ke ƙarƙashin gadonmu!"

Umma ta yi ta ba da haƙuri har ta raka ta waje. Da ta dawo ta tarar da Auta a ƙasa tana kuka kamar ranta zai fita. Ba ta rarrashe ta ba.

"Yi kukanki, ke kika saya. Mace sa'ar uwarki ta cire girmanta ta zauna a bencin yara a gabanki, ta ce miki malama. Kin san nauyin wannan? Ke kuma kika ɗauke ta kika kai kasuwa."

"Umma na canza sunanta fa..."

"Kin canza suna! In na sa miki zanin maƙwabciya, ni ba zan gane tafiyarki ba? Tashi ki wanke ido. Wanda ya zubar da mai shi ke bin ƙasa da tsumma."

Abu bai tsaya nan ba. Da Auta ta koma ajin yamma, sai ta tarar da benci kawai. Labari ya kai wa matan cewa malama tana kwashe sirrin mutane tana kai wa jami'a ana dariya. Wace ce za ta zauna? Mutum ɗaya ce ta zo, wata tsohuwa da ake ce wa Iya, ita ma don kunnenta ba ya ji sosai ne, tsegumin bai samu ƙofar shiga ba.

"Malama, yau ina mutane? Ko an yi rasuwa ne?"

"A'a Iya, ni ce na yi laifi."

"Wai an yi ruwa? To Allah ya ƙara!"

Auta ta yi dariya tana hawaye. Ta share allo, ta koyar da Iya ita kaɗai kamar aji cike yake. Haka gobe, haka jibi. Ta share ajin, ta jera benci, ta manna kwalayenta, ta koyar da mutum ɗaya. Ga shi kuma kowace rana ana jiran malamar da jami'a ke turowa ta zauna a bayan aji ta ba da maki, wadda ɗalibai ke kira Madam Jan Biro. Ita ba ta faɗin ranar zuwanta, faɗowa kawai take yi.

Ana cikin haka Dakta ya kira ta ofis, fuskarsa a sake.

"Labarinki zai fito a mujallar sashe. Shafin farko."

"Sa, janyewa na zo yi."

"Janyewa? Daga mujallar?"

"Daga komai sa. Ba nawa ba ne. Na wata ce na ɗauka ba da izininta ba."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Kin san in kin janye ba ki da asayimen? Lokaci ya wuce. Sai baɗi."

"Na sani sa."

Dakta ya mayar da tabarau. Sannan ya jawo takardar daga ƙarƙashin tulin da ke gabansa ya miƙa mata. "Na ce ku rubuta abin da kuka gani. Da alama akwai rabin darasin da ban koyar ba. Je ki."

Daga nan shagon Hajiya ta nufa. An buɗe, amma Hajiya na can ciki bayan labulayen da aka rataya, tana kan keken ɗinki. Auta ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ta. Keke ya ci gaba da ƙara. Ta zauna har ƙafarta ta mutu, lokacin aji ya yi ta tashi. Kashegari ta dawo. Haka ta yi ta zarya, masu shagon kusa na nuna ta da baki, wani ma har ya ce, "'Yar jarida an zo ɗaukar rahoto?" Ta haɗiye.

Rannan dai keken ya tsaya.

"Kowa a garin nan ya ji abin da kika rubuta a kaina, ban da ni. Karanta mini."

"Hajiya don Allah..."

"Karanta. Ko ke ma kin manta gilashinki?"

Auta ta ciro takardar, ta karanta tana shessheƙa. Kowace kalma kamar tana tauna ƙaya. Da ta zo wurin katin da aka riƙe a kife, Hajiya ta ɗaga hannu.

"Wannan ƙarya ce. Ban taɓa riƙe kati a kife ba. Ina duba inda hoton fure yake."

"Ƙari na yi Hajiya. Don a yi dariya."

"Sauran kuwa duk gaskiya ne, shi ya sa ya fi ciwo." Ta juya zoben hannunta. "Kin ga yadda nake lasar fensir, kin ga inda nake soke shi. Ido gare ki, ba laifi. Amma ko sau ɗaya kin tambaye ni me ya hana ni karatu? Ni ce babba a ɗakinmu. Mahaifiyarmu ta kwanta ciwo, aka ce in zauna gida na ɗan lokaci in kula da ƙanne. Ɗan lokacin ne har yau. Da allurar nan na kai su makaranta, na kai nawa 'ya'yan. Ban taɓa jin kunyar allura ba. Abin da na ji wa tsoro ɗaya ne, ranar da 'ya'yana za su dube ni su ga jahila. Ashe..." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ashe tun suna ƙanana suke mini wasan yara. Ni ina ɓoye musu, su suna ɓoye mini."

"Hajiya ba wasa suke miki ba. Wallahi da kin ga fuskarsa ranar da yake faɗa mini... Ya ce shi ya raka ki sayen gilashin."

"Ɗan banza," in ji Hajiya a hankali. "Har da cewa ya yi mini kyau."

Auta ta matso da gwiwa. Ta ɗora takardar a kan keken. "Ga shi, na janye shi, ba inda zai sake fita. Ban zo don maganar aure ba Hajiya. In kin ce ba ki so na, wallahi kin yi daidai. Abu ɗaya nake roƙo: ki koma aji. Saura kaɗan ki fara karanta jimla. In ganina ne ba kya so, zan roƙa a canza ni a kawo wata. Kar laifina ya sa a sake cire ki daga makaranta."

Hajiya ta kawar da takardar daga kan keken. Sannan ta taka keke.

"Tashi ki tafi, kina tare mini haske."

Auta ta fita ba ta san matsayinta ba.

Ranar da ake gudu ta zo. Auta na cikin koya wa Iya sunayen kayan ɗaki, sai ga ƙwas-ƙwas ɗin takalmi. Madam Jan Biro! Ta tsaya a ƙofa ta kalli benci, ta kalli Iya da ke gyangyaɗi.

"Ina ɗaliban?"

"Madam... ita ke nan."

"Mutum ɗaya? Me zan duba a nan? Malamin da ya kori ajinsa ai ya riga ya ba kansa maki." Ta zare murfin biro.

"Salamu alaikum. A ba mu hanya, mun makara."

Hajiya ce. Ba mayafi a hanci, fuska a buɗe, ta sha ado kamar mai zuwa taro. Bayanta mata ne, masu goyo da marasa goyo, har da wasu sababbi daga layin shagonta. Ashe gida-gida ta bi da kanta tana cewa, "Ni aka yi wa, ni kuma na ce ku fito." Ba lungu ta nufa ba, bencin gaba ta zauna, ta ciro gilashin nan mai ruwan zinare ta aje a kan tebur, ta zaro fensir daga ɗankwali.

"Malama, muna jinki."

Auta ta ɗauki alli. Ta fara darasi. A ƙa'idar aikinsu dole kafin a tashi malami ya kira ɗalibi ya fito allo, a ga ko darasi ya shiga. Ta ce, "Wa zai rubuta mana sunan abu ɗaya da ke cikin ɗaki?" Idonta na gudun bencin gaba. Hannu ɗaya ne a sama, mai zobe.

"Ha... Hajiya."

Hajiya ta fito, ta karɓi alli ta riƙe shi kamar allura. Har ta kai shi baki za ta lasa, ta tuna, mata suka kwashe da dariya, ita ma ta dara. Ta fara rubutu a hankali, harafi na hawa harafi na gangara, gumi na tsattsafo mata. Ba wanda ya yi motsi. Da ta gama ta matsa gefe.

NA YAFE

Madam Jan Biro ta leƙo ta saman tabarau. "Wannan ai ba kayan ɗaki ba ne."

"A ɗakina akwai shi," in ji Hajiya. Ta juya ga Auta. "Malama, daidai ne?"

Auta ta gyaɗa kai. Ta zube a gaban aji ta rungume ƙafafun Hajiya tana kuka, Hajiya na ɗago ta tana cewa, "Tashi 'yar nan, kar ki zubar da makinki." Iya ta farka ta ga ana kuka ta ce, "Na faɗa muku rasuwa aka yi!" Aji ya kece da dariya, har Madam sai da ta rufe baki da fayil.

Ta tagar aji kuwa, wani dogon mutum na tsaye a jikin mashin yana goge ido, wai ƙura ce ta shiga.

Auta ta ci tichin firaktis. Kwas ɗin Dakta kuwa sai da ta maimaita, ba wanda ya ɗauke mata wannan, aure ma ya ja baya har ta gama. Ta yi haƙuri, Dogo ya yi haƙuri, 'Yar Lele ma da ta daɗe ba ta amsa gaisuwarta, a ƙarshe ita ta fi kowa rawar kai a hidimar. Katin gayyatar da aka bugo, Hajiya ce ta karanta wa Goggo shi da bakinta, ba gilashi. Labarin da Auta ta kai wa Dakta a karo na biyu kuwa, tare suka zauna da Hajiya, ita tana faɗa Auta na rubutawa, in ta ƙara gishiri Hajiya ta ce, "Goge, ba haka aka yi ba."

To 'yan uwa, darasin a fili yake. Wanda ya zauna a gabanka don ya koya, ya tuɓe maka girmansa ne ya ba ka ajiya, kar ka sayar da shi don tafi. Ba duk abin da ido ya gani ne na alƙalami ba, sai mai shi ya yarda. In kuma ka yi kuskure, kar ka tsaya kare kai, ka duƙa ka bi ƙasa da tsumma, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Kuma ba a girma da neman ilimi, kunyar tana ga wanda ya yi dariya.

Na san za ku ce to ni ma ai tonon asirin na yi. A'a, Hajiya da kanta take ba da labarin nan yanzu, ta ce duk mai so ya faɗa. Ni nawa ɓoyon daban ne. A gidanmu ba su san ina zuwa ajin nan ba, sun ɗauka gidan yayata nake zuwa taya ta aiki. A bencin bayan Iya nake zama, duk baƙaƙen nan da kuke gani a can na tsince su. Ina so in faɗa wa Babanmu, kullum sai in ce yau, in na ga fuskarsa sai in ce gobe. Hajiya ta ce in na shirya ita za ta raka ni, wai wa ya sani ko su ma sun daɗe da... Wayyo, ana taɓa ƙofa, takun Babanmu ne, don Allah kar ku ce ni ce na